Lambun Makaranta Daga Kaka Zuwa Ƙarshen Hunturu: Tambayoyi da Amsoshi

Malaman firamare da na ƙaramar sakandare ne suka fi yi mini waɗannan tambayoyi, sai 'yan kaɗan daga bakin iyaye. Kusan kowace shekara su ɗin ne ake maimaitawa da zarar ruwa ya ɗauke, shi ya sa na tara su wuri guda. Lissafin watannin da na yi na Kano, Katsina, Jigawa, Zariya da kewayensu ne. Wanda ke Sakkwato ko Maraɗi ya san ruwansu yana riga namu ɗaukewa, sai ya gyara lissafin daidai da garinsu.

Malam, ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja. Ba mu makara ba kuwa?

Ko kusa. Yanzu ne ma lokacin lambu ya kama. Damina ta hatsi ce da wake da gyaɗa. Tumatir, albasa, kabeji, karas da latas kuwa sanyi suke so. A damina laima da ɗumi suna jawo musu ciwon ganye da ruɓewa, shi ya sa tumatir yake gagarar talaka a Yuni da Yuli, ya zo ya faɗi warwas a Fabrairu. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Janairu ya ga kwandunan da ake lodi a Kwanar Gafan, ya ga filayen Kura da Kadawa sun yi shar da ruwan madatsar Tiga. Albasar Aliero a Kebbi da ta Galmi a Nijar ma duk noman wannan lokaci ne.

Wani ruɗanin daga intanet yake zuwa. Malami zai buɗe shafin wata makarantar Ingila ya ga an ce idan kaka ta shigo a kwashe amfani, a lulluɓe ƙasa, a jira sanyi ya wuce. A wajensu gaskiya ne, don ƙasa daskarewa take yi, kuma a Landan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Mu kuwa a tsakiyar hunturu ma'aunin zafi a Kano yakan sauka wajen 12 ko 13 da dare, da rana ya kusanci 30. Abin da ke kashe mana shuka ƙishirwa ce da akuya.

Filin bayan azuzuwa yana da girma. Mu nome shi duka?

Kada ku yi. A nan yawancin lambunan makaranta suke mutuwa, tun ba a saka iri ba. Ruwan da kuke da shi ne zai faɗa muku girman lambu, filin ba shi da ta cewa.

Ga lissafin, kuma ku ba 'yan aji biyar su yi shi a allo. A hunturu iska busasshiya ce, tana zuƙe danshi da sauri, don haka kowace murabba'in mita ta ƙasar lambu tana shan kamar lita 5 a rana. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai sha lita 15 ke nan. Fangali 10, lita 150, wato jarka 6 masu cin lita 25, kullum ta Allah, har Asabar da Lahadi. Idan kuka yi 20, kun kusa shan kurar ɗan garuwa guda kowace rana har wata huɗu. Sai ku dubi rijiyarku ku tambayi kanku: a watan Fabrairu, lokacin da guga ke komawa can ƙasa, za ta ba mu wannan bayan yara sun sha, an yi alwala, an wanke banɗaki?

A shekarar farko ina ba da shawarar fangali 6 zuwa 8. Hedimasta zai ce ya yi kaɗan, ba zai burge masu duba makarantu ba. Ku ce masa, ranka ya daɗe, shida masu rai sun fi talatin da suka bushe. Faɗin ma kada ya wuce mita ɗaya, domin yaro ya iya miƙa hannu zuwa tsakiya ba tare da ya taka ba. Ku bar hanya tsakaninsu da za ta ɗauki yara biyu riƙe da bokiti.

Kuma a rani ba a yin kunya mai tudu irin ta damina. Fangali ake yi mai zurfi kaɗan, da ɗan kan iyaka a kewaye, domin ruwan da aka zuba ya kwanta a gindin shuka.

Mu ko rijiya ba mu da ita. Shi ke nan mun haƙura?

A'a, sai dai ku ƙanƙanta. Buhunan siminti ko na taki da aka wanke, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasansu, kowane yana ɗaukar gindin tumatir ko attaruhu ɗaya. Yaro ya zo da gorar ruwa ɗaya daga gida ya shayar da nasa. Tsofaffin robobi da tayoyi suna isa latas da lansir. Akwai kuma dabarar binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi da ruwa a rufe baki. Ruwan yana tsattsafowa ta jikinsa a hankali, saiwa ta zo ta nannaɗe shi, sai bayan kwana uku ko huɗu a ƙara.

Ruwan alwala da ke malala banza a bakin masallacin makaranta, a yi masa 'yar hanya zuwa gindin zogale ko gwanda. Ruwan kwata kuwa kada ya kusanci abin da ake ci ɗanye.

Mene ne aikin farko a watan Oktoba?

Shinge. Kafin iri, kafin taki. Da an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobi, kuma a duk unguwar lambunku ne kaɗai kore. Kaka ta zo da sauƙi ta wannan fanni, don karan gero ya samu, na dawa yana tafe. Kowane yaro ya kawo rungume guda, a yi darni mai kauri, a tokare shi da itace, a sa ƙaya ta waje. Ta ɓangaren arewa maso gabas a ƙara tsawo ko a kafa zana, saboda ta nan iskar hunturu take kaɗowa. Ƙofa ta zama ɗaya tak, mai kwaɗo. Kara yana jawo gara, a riƙa zuba toka a gindinsa.

Sai taki. Kashin shanu, na awaki ko na kaji, amma wanda ya ruɓe ya yi baƙi, warinsa ya mutu. Ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi. Takin juji ma yana da kyau idan an tankaɗe shi, don cike yake da leda da fasasshiyar kwalba da tsofaffin batura. Wannan tankaɗen aikin manya ne. A gauraya kamar bokiti biyu a kowane fangali, a jiƙa, a bar shi mako guda. Ciyawar da ta fito a cire, sannan a shuka.

Ganyen da ake sharewa kullum da safe a cinna masa wuta, ku daina ƙona shi. Ku haƙa rami a kusurwar lambu, a riƙa zuba ganye, a bi da ɗan taki da toka, a yayyafa ruwa. Kafin zangon karatu na biyu ya ƙare kun sami takin baɗi.

Me za mu shuka?

Ku ɗauko kalandar makaranta ku ajiye ta kusa da fakitin iri. Ana komawa a Satumba, jarrabawa a farkon Disamba, hutu daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, zango na biyu ya kai wajen Afrilu. Abin da kuke so shi ne wani amfanin ya isa ci kafin hutu, sauran kuma bayan an dawo. Kada komai ya nuna a tsakiyar hutu.

Masu saurin fita su ne za su riƙe muku zuciyar yara. Lansir mako biyu zuwa uku an yanka. Alayyafo mako uku zuwa huɗu, amma a shuka shi tun Oktoba da sauran ɗumi, don idan sanyi ya kankama sai ya tsaya cak. Latas ɗin da aka yi renonsa a tsakiyar Oktoba yana isa ci a farkon Disamba. Yaron da ya ci kwaɗon lansir ɗin da ya shuka da hannunsa, da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, ba sai an roƙe shi ban ruwa ba kuma.

Masu daɗewa: tumatir a yi renonsa a farkon Oktoba, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu, ya fara ja a ƙarshen Janairu. Roma VF da UC82B tsofaffin iri ne da manomanmu suka sani, kuma ana iya ajiye irinsu. Kabeji wata guda a reno, sannan wata biyu da rabi zuwa uku kafin ya naɗe. Karas ba a dasa shi. A inda zai zauna ake yafa shi a Nuwamba, cikin ƙasa mai laushi marar tsakuwa, a cire a Fabrairu. Idan ya fito cunkus sai an rage shi, kuma yara suna jin tausayin tsirran da ake tugewa, sai an lallashe su. Albasa ita ce mai gwada haƙuri: mako shida zuwa takwas a reno, wata uku ko fiye bayan dashe, sai Maris.

Kuɓewa ku bar ta sai zafi ya fara dawowa, ba ta son sanyi. Kankana da kabewa kuma cinye fili suke yi. Alkama kuwa, ko da yake lokacinta ne, fangali ɗaya ya isa, don kawai yara su ga abin da ake yin alkaki da burodi da shi. Da yawansu ba su taɓa ganin zangarniyarta ba.

Renonmu yana fitowa da kyau, sai ya kwanta ya mutu. Me ya sa?

Yawanci abu biyu ne: an yafa irin ya yi yawa, ko ruwa ya yi yawa, sai wuyan tsiron ya ruɓe daidai ƙasa. A ja layi da ɗan yatsa, a zuba iri sama-sama, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Da ya tsiro a ɗage ciyawar a yi masa 'yar rumfa. Ban ruwa da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa, ba da bakin bokiti ba. Idan kuma tsirran ɓacewa suke yi gaba ɗaya, ku zargi ƙadangare. Tsohon gidan sauro ya isa maganinsa.

Dashe da yamma ake yi, bayan an jiƙa renon sosai, a ɗauko kowane da ƙasar gindinsa. Tumatir da kabeji a ba su tazarar kamu guda, latas taƙi ɗaya da ɗan ƙari, albasa ƙasa da taƙi.

Hutun Disamba fa? Wa zai shayar?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A shekarata ta farko da lambu, a wata makarantar da na taɓa koyarwa, mun yi fangali kusan talatin. Ranar da aka ba da hutu na damƙa wa mai gadi 'yan kuɗin goro na ce ya riƙa zuba ruwa, na tafi garinmu hankali kwance. Dattijon bai yi mini musu ba, don kunya. Ni ne ban yi lissafin cewa mutum ɗaya, mai shekaru, wanda ya kwana yana gadi, ba zai ja guga sittin kullum ba. Da muka dawo kabejin ya zama kamar takarda, darni ya ɓalle ta gefe, awaki sun share abin da ƙishirwa ta rage. Abin da ya fi damuna fuskar yaran, waɗanda suka rugo lambu da jakunkunansu a baya kafin ma su shiga aji.

Tun daga nan ga yadda nake yi. Mako biyu kafin hutu ake rubuta jadawali: yaran da gidajensu ke kusa, uku-uku ko huɗu-huɗu, kowane rukuni da ranakunsa, da yardar iyayensu. Kowace rana akwai babba ɗaya da zai buɗe ƙofa, malamin da ke zaune a unguwar ko wani daga kwamitin kula da makaranta. Yaro ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba ya jan ruwa a rijiya ba babba a wurin. Mai gadi a ba shi fangali biyu nasa na kansa, ya shuka abin da yake so. Mai albasa a cikin shinge ba ya barin shinge ya ɓalle. Kafin a tashi kuma a lulluɓe gindin kowace shuka da ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu uku. Wannan rufi yana rage ƙishirwa sosai, har a iya tsallake kwana ɗaya.

Idan kun dawo kuka ga gindin 'ya'yan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, yawanci alamar ban ruwa ne na yau an yi gobe ba a yi ba. Ba feshi yake nema ba.

Da wane lokaci yara za su yi aikin, ga sanyi ga hazo?

Minti ashirin bayan taron safe, ko lokacin tara, ya wadatar idan an raba aiki. Ranar da hazo ya yi kauri a jira rana ta ɗaga. Yaro mai asma ko tari a ba shi littafin lambu ya riƙa rubutu. Kowa da takalmi, saboda ƙaya da kunamar da ke fakewa a tarin kara. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa taki, a ajiye ɗan man shafawa, don ruwan sanyi da iskar hunturu suna farfasa hannu.

Idan yaro ya makara ko ya yi laifi, mu tura shi lambu?

Ina roƙonku da girman Allah ku daina. Manya da yawa da suka yi makaranta a zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, wanda aka fara a 1976, da shekarun bayansa, idan ka ambaci gonar makaranta abin da suke tunawa fartanya ce da bulala, sai buhun gyaɗar da ba su san inda ya tafi ba. Yaron da aka koya wa cewa riƙe fartanya horo ne, ya za a yi ya so ta? Ni akasin haka nake yi. Wanda ya yi laifi, ranar ba ya shiga lambu. Ku gwada ku ga kuka.

Kowane rukuni da fangalinsa, da allon suna a kafe. 'Yan mata ma nasu daban, kada a mai da su 'yan ɗebo ruwa maza na dashe.

Malam, ni karatu na kai ɗana, ba noma ba. Noma ai muna da shi a gida.

Gaskiyarka, Alhaji, kuma idan lambun bai wuce aikin ƙarfi ba to kukanka yana kan hanya. Amma ka karɓi littafin lambun ɗanka ka duba. A ciki ya auna tsawo da faɗi ya fitar da murabba'i. Ya shuka ƙwaya 20, 17 suka fito, ya gano kashi 85 cikin ɗari ke nan. Ya rufe fangali ɗaya da ciyawa ya bar ɗaya a buɗe, ya rubuta wanda ya riga bushewa. Ya lissafa kuɗin iri da na ciniki. A gona yaro yana yin abin da aka ce ya yi, a nan ana tambayarsa dalili. Idan kana da hali ma ka zo ranar dashen albasa ka nuna musu, don ka fi malaminsu iyawa.

Ƙwari sun faɗa mana. Mu sayo magani?

Yaro ba ya taɓa maganin feshi, ba ya riƙe kwalbarsa, ba a ajiye ta a aji. A ƙaramin lambu hannaye arba'in sun fi kowace kwalba. Kullum da safe a juya bayan ganyen kabeji. Akwai 'yar koriyar tsutsa da idan ka taɓa ta sai ta yi zillo ta sauko da zare kamar gizo-gizo, ita ce mai mai da ganye rariya. A tsince ta a ba kaji.

Tumatir yana da abokan gaba biyu. Farin ƙuda yana kawo ciwon da ke nannaɗe ganye ya tsumburar da shuka. Wadda ta kamu ba ta warkewa, a tuge ta a binne. Sai tsutsar da manoma ke kira Sharon, wadda ta yi ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. Cikin naman ganye take shiga, ka ga fari-fari kamar an goge shi, daga baya ta huda 'ya'yan. Ta fi ƙarfi idan zafi ya fara, wani dalili ke nan na dasawa da wuri. Ganyen da ta shiga a cire a ƙone.

Darbejiya tana taimakawa: a daka busassun 'ya'yanta kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, malami ya fesa da yamma. Idan abin ya fi ƙarfinku ku nemi malamin gona na yankinku, ya ga ganyen da idonsa kafin a sayi komai.

Amfanin na wa ne?

A yanke wannan tun kafin shuka, a gaban yara, a rubuta a manna a bango. Nawa tsarin: girbin farko a ci tare a makaranta. Bayan haka kashi ɗaya yara su kai gida, kashi ɗaya a sayar. Malamin da ke son latas ya saya kamar kowa, har hedimasta. Kuɗin a hannun ma'aji daga cikin ɗalibai yake shiga, a rubuta, malami ya sa hannu, a karanta a taron safe. Da shi za a sayi irin baɗi da igiyar guga.

Idan tumatir ya nuna gaba ɗaya ya fi ƙarfin ci, a yanka a shanya ya zama kauɗa, a kan tabarma mai tsabta, a rufe da gidan sauro saboda ƙura. Ku kuma gwada musu randa cikin randa: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Ruwan da ke tashi daga jikin babbar shi ke janye zafi, kuma busasshiyar iska ta fi sa ta aiki. Malami ne daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa tumatir biyar a ciki, biyar a kan taga, yara su ƙirga kwanaki.

Yaushe za mu rufe lambun?

Zafi ne zai faɗa muku. Daga tsakiyar Maris furen tumatir yana kakkaɓewa, latas ya yi tsiri ya yi ɗaci, rijiya ta ja baya. Albasa idan wuyanta ya kwanta a tsayar da ruwa kamar kwana goma, a cire, a shanya a inuwa.

Ku kuma lura da azumi. A 2025 ya kama a farkon Maris, har jihohin Kano, Katsina, Kebbi da Bauchi suka rufe makarantu. A 2026 ya zo bayan tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11. Nan da 'yan shekaru a tsakiyar lokacin lambu zai riƙa faɗowa, don haka shi ma a yi masa jadawali irin na hutun Disamba, ban ruwa da sassafe.

Kafin a tashi a bar gindin latas biyu da na alayyafo biyu su yi fure su ba da iri. A zaɓi tumatir mafi kyau, ba ragowar ƙarshe ba, a matse, a wanke ƙwayar, a shanya a inuwa. Wanda fakitinsa ke ɗauke da alamar F1 kada a wahala da shi, 'ya'yansa ba sa gado. A zuba kowane iri a busasshiyar kwalba da ɗan toka, yaro mai kyan rubutu ya rubuta suna da wata da shekara. Fangalin da ya ɗauki tumatir bana, a rubuta a littafi cewa baɗi na albasa ne ko karas, da damina kuma a watsa masa wake ko gyaɗa. Zogalen bakin shinge a sare shi daidai ƙugu, zai tofo da kansa. Kwalaben iri da littafin da mabuɗin kwaɗo, 'yan aji shida su miƙa wa 'yan aji biyar.